Yadda Za Mu Ta Da Tsohon Keke

'Yan'uwa manoma, a gidaje da yawa akwai tsohon keke a jingine bayan rumbu, kaji suna kwana a kansa. Sau da yawa irin na ƙarfe ne mai birkin sanda, Raleigh ko Phillips ko Hercules, wanda iyayenmu suka kai gyaɗa da auduga kasuwa da shi. Kamfanin Raleigh ya daina ƙera keke a Nottingham ta Ingila a 2002, saboda haka wanda ya sayar wa 'yan gwangwan nasa da wuya ya sāke samun irinsa. Keken nan in an gyara shi zai ɗauki buhun taki daga sito zuwa gona shekara da shekaru.

Amma kada a kashe ko kwabo sai an duba ƙashin keken. A kankare tsatsa a mahaɗar bututu, musamman ƙarƙashin wuya da wurin feda. Idan fenti ya tattare a bayan wuya, alama ce keken ya taɓa yin karo. A tsaya a gabansa a duba fok, ko ya karkace ko ya koma baya. Fok mai tsaga a jefar da shi, kada a kai wa mai walda. Ranar da zai karye, da kaya a kai ne, a kan gangara.

In ƙashi lafiya ya ke, sai a kwance. A ɗiga kananzir a kowane noti, a bar shi ya kwana. Wurare biyu ne haƙoransu su ke bin hagu: fedar hagu, da kofin da ke gefen sarƙa a gindin keke. Waɗannan ana kwance su ta wajen da a ke ɗaure sauran. Mutane da dama sun lalatar da keke mai kyau domin rashin sanin wannan. A shimfiɗa buhu a ƙasa kafin a buɗe, gama boris ba ya jiran kowa, in ya faɗa cikin yashi ya tafi ke nan.

Yanzu ga babbar magana, wato neman kayan da za su dace. Yawancin kayan keke da ke kasuwa na Indiya ne da Sin, irin na Hero da Phoenix. An yi waɗannan kekuna bisa fasalin na Ingila, don haka abubuwa da yawa suna shiga. Amma ba duka ba. Raleigh ya yi wa kofin gindi da notin wuya haƙora 26 a inci ɗaya, sauran masu ƙera keke kuwa 24 su ke yi. A ido kamar ɗaya ne. Noti zai shiga zagaye ɗaya ko biyu sa'an nan ya cije. In ya cije, a tsaya. Wanda ya sa ƙarfin sifana ya cinye haƙoran ƙashin, kuma wannan ba ya gyaruwa da araha. Daga 1960 Phillips da Hercules suka koma ƙarƙashin kamfani ɗaya da Raleigh, shi ya sa wasunsu ma haƙora 26 gare su. Shawarata ita ce, tsohon kofi in bai rarake ba a wanke shi a mayar, ya fi sabo. In ya mutu, a nemi wani daga mataccen keke irinsa wurin tsofaffin masu gyara.

Taya ma tana da nata tarko. Tayar waɗannan kekuna 28 x 1½ ce, a kan wasu za ku ga an rubuta 635. Akwai wata da ita ma a ke kira 28, amma lambarta 622, ba za ta hau ba ko an kwana ana fama. Rim kuma tilas ya zama irin na dā mai doro a tsakiya, domin birkin sanda ta ciki ya ke kamawa. A ƙidaya ramukan waya kafin a saya: tsofaffin na Ingila 32 ne a gaba, 40 a baya, na zamani da yawa kuwa 36.

Boris a sa sabo, ba shi da tsada. A gindi ana sa 11 kowane gefe, masu girman ¼ inci. A ƙafar baya 9 kowane gefe, girmansu ɗaya da na gindi, a ta gaba kuwa 10 ƙanana masu 3/16. A cika giris, a ɗaure har ƙafa ta juya sumul ba ta girgiza.

Kota, wato ƙusar da ke riƙe hannun feda, da guduma a ke shigar da ita, a tokare hannun da katako daga ƙasa. Noti riƙewa kawai ya ke yi, in an ja da shi zai tsinke. In ɗaya ta dubi sama, ɗayar ta dubi ƙasa, in ba haka ba fedoji ba za su miƙe ba. Bayan kwana uku a sāke bugawa.

Robar birki ko da ta yi kyau a ido a canja ta, gama ta bushe. Gidan robar yana da gefe ɗaya a toshe, wannan gefen shi ne zai dubi gaba, don kada ƙafa ta fizge robar. A tuna kuma, rim na ƙarfe ba ya kama birki sosai in ya jiƙe. Da damina a fara matsawa tun daga nesa.

Kafin taro na gaba, kowace ƙungiya ta ƙidaya matattun kekunan da ke gidajen membobinta, magatakarda ya rubuta sunan kowane keke da abin da ya rasa. Sau da yawa kekuna uku matattu su kan ba da biyu masu tafiya. Wanda za a aika birni sayen kaya ya tafi da tsofaffin a aljihu, ya gwada noti da hannu a gaban mai shago kafin ya biya.