FILIN MANOMA: DASA ITACEN MALBARI A GIDA

Manoma, a wannan mako za mu yi magana a kan wani itace baƙo wanda ake kira malbari fari. Asalinsa daga ƙasar Sin ne, inda suke ciyad da tsutsar siliki da ganyensa, kamar yadda tsutsar da ake samun zaren rigar tsamiya take cin ganyen tsamiya a nan ƙasarmu. Amma mu don 'ya'yansa za mu dasa shi. 'Ya'yan nan ƙanana ne, ba su kai tsawon gaɓar yatsa ba, ga zaƙi. Kada sunan ya ruɗe ku, wani yakan nuna fari, wani ja, wani baƙi.

Abu na fari, kada a shuka ƙwayarsa. Itacen nan akwai namiji akwai mace, namiji kuwa ba ya 'ya'ya. Na ga wani mutum wajen Ngaski ya shekara biyar yana ban ruwa, ashe namiji ya rena. Sai a nemi itacen da aka ga 'ya'yansa da ido, a yanko reshe mai kaurin fensir, tsawonsa inci 8 ko 10, mai ido uku ko huɗu. A binne kashi biyu cikin uku, a bar ido ɗaya ko biyu a waje. Wanda aka dasa haka yakan fara 'ya'ya a shekara ta biyu ko ta uku.

Lokacin dashe shi ne watan Yuni ko Yuli, sa'ad da damina ta zauna. A haƙa rami ƙafa 2 zurfi, ƙafa 2 faɗi, a gauraya ƙasar da ruɓaɓɓen taki. Ɗanyen taki yana jawo gara. A barbaɗa toka kewaye, sa'an nan a yi shinge, gama awaki suna son ganyensa ƙwarai.

Mutanen bakin ruwa, watau na Yauri da Ngaski da Shanga, ku kula da wannan. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwan tafki yakan hau yakan janye kowace shekara. Saiwar malbari ba ta jure zama cikin ruwa. Inda ruwa ya janye ku bar wa albasa, itacen kuwa a kai shi tudu. Kuma a nisanta shi kamar ƙafa 20 daga rijiya da bango da masai, don saiwarsa tana yaɗo.

Da rani a riƙa ba shi ruwa sau biyu a mako har ya shekara biyu. In damina ta kusa sai a sassabe rassansa, domin a kan sabon toho yake 'ya'ya. Ganyen da aka sare a ba tumaki da awaki.

In ya nuna, a shimfiɗa tabarma a gindi a girgiza da sassafe, kafin tsuntsaye su riga ku. Ba ya kwana biyu bai lalace ba, saboda haka ɗan kasuwa kada ya yi niyyar kai shi nesa ɗanye. A shanya shi kamar yadda mutanen Turkiyya da Iran suke yi, sai ya yi watanni.

Mako mai zuwa, in Allah ya yarda, za mu duba yadda ake ajiye albasa.

Malamin Gona, Yelwa