Kartar da Ta Koya wa Mutane Riƙe Linzamin Kwamfuta

A wannan darasi za mu duba wata karta wadda aka fara zana ta cikin kwamfuta kafin a buga ta. Mun sani da zarar an ambaci karta, hankalin iyaye kan tafi wajen caca, kuma suna da gaskiya. Amma tarihin wannan dabam yake.

A shekarar 1990 kamfanin Microsoft na Amurka ya fitar da Windows 3.0, a cikinta akwai wasan Solitaire, wanda mutum ke yi shi kaɗai da kati 52. Wes Cherry, wani ɗalibi mai koyon aiki a kamfanin, shi ya tsara wasan, Susan Kare kuma ta zana katunan. A lokacin ma'aikata da yawa sun saba ba kwamfuta umarni ta hanyar buga haruffa, linzami baƙo ne a hannunsu. To, duk mai son ɗora jar bakwai a kan baƙar takwas, tilas ya danna, ya ja, sannan ya saki. Da haka hannu ya faɗa ba tare da malami ba. Sai dai shugabannin ofisoshi sun yi ta kuka, gama lokacin aiki mai yawa ya salwanta wajen wasan.

A 2015 kamfanin Areaware ya buga zanen Kare a matsayin karta ta hannu. An bar sarki da sarauniya da ɗigo-ɗigonsu irin na tsohuwar kwamfuta, ba a gyara ba. Joka biyu kawai Kare ta ƙara, domin babu joka a wasan Solitaire.