Darasin kiyaye haɗari: Ƙugiya ba abin kallo ba ce

Ranar Juma'a 11 ga Satumba, 2015, da yamma, ana daf da fara aikin Hajji, aka yi ruwa da iska mai ƙarfi a Makka. Wata ƙatuwar ƙugiya, wato injin ɗaga kaya masu nauyi, cikin waɗanda ake aikin faɗaɗa Masallacin Harami da su, ta kife ta auka cikin masallacin. Sama da mutum 100 suka rasu, har da 'yan Najeriya, kusan 400 suka jikkata. Allah ya jiƙansu. (Kada a haɗa wannan da turmutsutsun Mina, shi kwana 13 bayan nan ya faru.) Binciken gwamnatin Saudiyya ya nuna cewa an bar dogon hannun ƙugiyar a miƙe sama, saɓanin umarnin kamfanin da ya ƙera ta, aka kuma ɗora wa kamfanin Binladin mai kwangilar wani ɓangare na alhakin.

Mu a Yakasai ƙugiya ba baƙuwarmu ba ce. Iyayenmu da yayyenmu sun ga yadda aka gina gadar sama ta Ƙofar Nasarawa, da kuma aikin gadar Ɗan'agundi. Wadda ma ta fi kusa da mu ita ce ƙaramar da ke bayan babbar mota, mai sauke taransifoma ko janareta a bakin lungu. A ganina ita ta fi zama barazana ga ɗalibi, domin ba a cika killace wurinta ba, kuma kafin ka ce kwabo yara sun kewaye ta.

Me ke sa ƙugiya ta kife? Ku tuna darasin kimiyya: ƙarfin da kaya ke rinjayar inji da shi, shi ne nauyinsa sau nisansa daga gindin injin. Tan 2 a nisan mita 10 daidai yake da tan 4 a nisan mita 5. Ke nan kayan da ƙugiya ta ɗaga salin alin a kusa da jikinta, shi ne zai iya kifar da ita idan direba ya miƙa hannunta nesa. Shi ya sa kowace ƙugiya take da jadawalin nauyin da aka yarje mata a kowane nisa. Iska tana ƙara dagula lissafin, musamman idan kayan mai faɗi ne kamar tanki ko kwanon rufi. Ƙasa ma haka. Da damina ƙafar tokare ɗaya tana iya nutsewa, ko ta fasa murfin kwalbati, don haka ake shimfiɗa mata katako mai kauri.

Amma ba sai ƙugiya ta kife take matse mutum ba. Igiyar ƙarfe kan tsinke, kaya kan zame ko ya yi lilo. Akwai kuma inda mutane ba sa lura: idan babbar ƙugiya ta juya hannunta dama, bayanta mai ɗauke da tulin ƙarfe hagu yake tafiya. Wanda ya raɓe tsakaninta da katanga, idonsa na sama yana kallon kaya, shi za ta danne, direba kuwa bai gan shi ba. Ku auna wannan da ƙuncin lungunanmu.

Ƙa'idar ma'aikata ita ce ba a tsayawa ƙarƙashin kayan da ke rataye ko na daƙiƙa ɗaya. Ba a dafa shi da hannu, da doguwar igiya ake saita shi daga nesa. Mutum ɗaya ne ke yi wa direba ishara, amma alamar tsayawa kowa ya ba da ita dole a bi. Hular kwano tana tare ɓaraguzai ne kawai, ba ta tare tan guda. Ɗalibi kuwa, idan ya tarar ana sauke kaya a hanyar makaranta, ya canja lungu, ya ja ƙannensa su tafi tare.

Idan tsautsayi ya auku, a nemi motar asibiti nan take, kada a finciko wanda aka danne, domin ƙila ƙashin bayansa ya taɓu. Ko da ya miƙe da ƙafarsa a kai shi asibiti, ga na Murtala nan kusa. Tsokar da ta daɗe a matse tana sakin sinadarai cikin jini waɗanda ke iya lalata ƙoda bayan wasu sa'o'i.