Darasi na 14: Kek Ɗin Yaro Ba Ƙwai, Ba Madara

Abin da za mu koya

A wannan darasi za mu koyi yin kek mai laushi ba tare da ƙwai ko madara ko man shanu ba. Za mu koyi awo, mu koyi karanta rubutun jikin gwangwani, mu kuma yi ɗan lissafi.

1. Wa ke bukatar irin wannan kek?

Hausawa sun daɗe a Omdurman da Khartum. Wasu kakanninsu sun yada zango ne a kan hanyar Makka, wasu sun biyo jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru bayan yaƙin Burmi na 1903. A gidajensu, kamar na sauran maƙwabta, idan yaro ya cika shekara uwa takan so ta tara masa yaran unguwa, ta yanka musu kek. Gidan da ba a bikin ranar haihuwa ma, akwai suna, akwai walimar sauka, akwai salla.

Amma ba kowane yaro ke iya cin kek ɗin kanti ba. Akwai yaran da jikinsu ba ya karɓar ƙwai ko madarar shanu. Da sun ci, sai ƙuraje su feso musu, leɓe ya kumbura, ko su yi ta amai. Irin wannan yaro shi ne ake bari a gefe yana kallon bakin 'yan uwansa. Bai kamata ba, ballantana a ranar da aka taru dominsa.

Dalili na biyu shi ne tsada. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, kuɗin cefane ya yi wa gidaje da yawa nauyi. Wutar lantarki kuma ba ta da tabbas, madara ba ta kwana lafiya ba firji. Ƙwan da aka samu gara a dafa wa yaran da ke iya ci, kek kuwa a yi shi da abin da ya sauwaƙa.

Ba yau aka fara wannan dabara ba. Kiristocin Kibɗawa, waɗanda suka daɗe a unguwar Masalma ta Omdurman, suna da azumin kwana 55 da ba sa cin nama, ko ƙwai, ko madara. Habashawa mabiya cocin Otodoks ma haka suke yi. Matansu sun ƙware wajen toya kek da mai da ruwa kawai. A Amurka ma, lokacin matsin tattalin arziki na shekarun 1930, haka mata suka riƙa yi.

2. Mene ne aikin ƙwai a cikin kek?

Wanda ya san aikin abu, shi ke iya nemo masa madadi. Ƙwai yana aiki uku a cikin ƙullu:

- Yana haɗe ƙullu don kada kek ya farfashe.
- Yana ba shi danshi da laushi.
- Yana taimaka masa ya tashi.

Nunanniyar ayaba za ta haɗe ƙullu. Mai da ruwa za su kawo laushi. Bekin foda da bekin soda da ruwan lemun tsami su ne za su tayar da shi.

Gani ya kori ji. Zuba ɗan bekin soda a cokali, ki ɗiga masa lemun tsami. Nan take za ki ga yana kumfa, har ki ji yana ƙara. Iska ce ke fita. Idan wannan iska ta maƙale a cikin ƙullu, zafi ya busa ta, sai kek ya kumbura ya yi ƙananan ramuka. Shi ya sa ba a barin ƙullun ya jira. Da an haɗa, sai wuta.

3. Kayan haɗi

Duk kayan nan ana samunsu a kasuwa ko kantin unguwa. Yawancinsu amfanin ƙasar nan ne: ayaba daga Kassala da Sinnar, dabino daga Dongola, zoɓo daga Kordofan, riɗi daga Gadarif.

A yi awo da kofi guda daga farko har ƙarshe, wanda ke cin kwatan lita. A cika shi, a shafe kansa da wuƙa, kada a danna.

- Fulawa, kofi 2
- Sukari, rabin kofi
- Ayaba nunanniya, guda 2
- Man girki, kashi ɗaya cikin uku na kofi
- Ruwa, kashi uku cikin huɗu na kofi
- Bekin foda, ƙaramin cokali 2
- Bekin soda, rabin ƙaramin cokali
- Ruwan lemun tsami, babban cokali 1
- Garin kirfa, rabin ƙaramin cokali
- Gishiri, ɗan kaɗan a bakin yatsu

Ayabar da ɓawonta ya yi ɗigo-ɗigon baƙi ita ta fi. Ta fi zaƙi, ta fi saurin damuwa, kuma mai tebur yakan rage mata kuɗi. Idan babu ayaba, a jiƙa dabino a ruwan zafi, a cire ƙwallon, a dama shi ya kai kofi ɗaya. Dafaffiyar kabewa ma tana yi. Kada a sa kanwa a madadin bekin soda, domin ƙarfinta ba ya aunuwa, tana iya sa kek ya yi ɗaci.

4. Yadda ake haɗawa

1. Ki wanke hannu da kwano da cokali da sabulu.
2. Ki hura wuta tun kafin ki taɓa fulawa.
3. Ki shafa mai a farantin gashi, ki barbaɗa fulawa, ki kaɗe sauran.
4. Ki tankaɗe fulawa da bekin foda da bekin soda da kirfa da gishiri a kwano ɗaya.
5. A wani kwanon, ki dame ayaba da cokali mai yatsu har gudaji su ɓace. Ki zuba sukari da mai da ruwa da lemun tsami, ki juya.
6. Ki juye mai ruwan a kan garin. Ki juya a hankali har farin gari ya ɓace, sannan ki tsaya. Yawan bugu yana sa kek ya yi tauri.
7. Ki zuba a faranti, kada ya wuce rabi da kaɗan. Ki kai wuta nan take.

Ƙullun da ya yi daidai, idan kika ɗaga cokali zai sauko a hankali, da kauri kamar na kunun gyaɗa mai kyau. Idan ya ƙi sauka, ki ƙara ruwa cokali biyu.

5. Gashi a tukunya

Mai oben ta sa shi a zafin digiri 180, ta ba shi minti 35 zuwa 40. Wadda ba ta da shi, murhun gawayi ya isa.

Ki samu babbar tsohuwar tukunya mai murfi. Ki zuba yashi mai tsabta, busasshe, ya kai kaurin yatsu biyu. Ki rufe, ki ɗora a wuta kamar minti 15. Sai ki jera ƙananan duwatsu uku a kan yashin, ki ɗora farantin a kansu, ki rufe. Wutar ƙasa ta zama matsakaiciya. Ki ɗora garwashi kaɗan a kan murfi don saman ya yi ja.

A nan ne masu koyo suka fi kuskure. Saurari wannan hira:

"Gwaggo, ƙamshi ya fara tashi. In buɗe in duba?"

"A'a, 'yar nan, cire hannunki. Minti nawa ke nan?"

"Goma sha biyar."

"To, da saura. In kin buɗe yanzu zafi zai gudu, tsakiyar ta faɗa, ba kuwa za ta sake tashi ba. Bari ya kai minti 30."

"In ya kai fa, yaya zan gane ya gasu?"

"Ki soka tsinke mai tsabta a tsakiya. In ya fito fes, ya yi. In ya fito da ƙullu, ki mayar da murfi ki ƙara masa minti biyar."

Idan ya gasu, ki bar shi minti 10 a farantin, sannan ki kife shi a tire ya huce sarai. A tsakar gida ake hura gawayi, ba a rufaffen ɗaki ba. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari, amma tana kisa.

6. Kwalliya

Yaro da ido yake fara ci. Ki jiƙa zoɓo kaɗan a ruwan zafi ya yi ja wur, ki tace. Ki daka sukari kofi ɗaya ya zama gari, ki tankaɗe. Ki zuba masa ruwan zoɓo babban cokali 2, ki juya. Zai ba ki launin hoda mai kyau ba tare da kalar kanti ba. Ki shafa bayan kek ya huce, in ba haka ba zai narke ya zube.

Masana lafiya suna ba da shawarar a guji ba yaron da bai kai shekara 2 ba abinci mai yawan sukari. Idan mai bikin ƙarami ne, a bar wannan kwalliyar, a shafa damammen dabino, a rage sukarin ƙullun.

7. Rigakafi ya fi magani

- Ki karanta jikin gwangwani kafin ki saya. Bota da cakulan da biskit da yawa suna da madara a ciki. Ki nemi kalmomin Larabci "laban" da "halib" (madara) da "baid" (ƙwai). Idan kin ga ɗaya, ki ajiye.
- Kada ki yi amfani da cokalin da ya taɓa ƙwai sai kin wanke shi.
- Wasu yara gyaɗa ko riɗi ne ba sa karɓa. Ki tambayi iyayen baƙi kafin ki sa man gyaɗa ko man riɗi.
- Ba a ba jaririn da bai cika shekara ba zuma.
- Kada a yi ado da ƙwayar gyaɗa. Tana iya shaƙe ƙaramin yaro.
- Idan yaro ya ci abu, fuska ko harshe ya kumbura, ko numfashi ya yi masa wuya, a garzaya asibiti. Kada a tsaya jiƙa magani.

Ƙwai da madara abinci ne masu gina jiki. Kada a hana yaro su don zato kawai, likita ne zai tabbatar. Yara da yawa sukan rabu da wannan matsala idan sun girma, amma kada a gwada a gida sai da izininsa.

Zafin Khartum yakan haura digiri 40 a watan Mayu. Kek mai ayaba ba ya wuce kwana biyu ba firji. A rufe shi saboda ƙuda, a raba da maƙwabta tun yana da daɗi.

Tambayoyi

1. Faɗi ayyuka uku da ƙwai ke yi a cikin kek.
2. Me ya sa ba a barin ƙullu ya jira?
3. Me ya sa ba a hura gawayi a rufaffen ɗaki?
4. Waɗanne alamu ne ke nuna a kai yaro asibiti da gaggawa?

Lissafi

1. Kek ɗaya yana ba da yanka 12. Yara 36 za su zo. Kek nawa za a yi?
2. Kek ɗaya yana cin fulawa kofi 2. Kofi nawa kek uku za su ci?
3. An rufe tukunya ƙarfe 4:20. Gashi minti 40 ne. Ƙarfe nawa za a sauke?

Rubutu

Kwafi waɗannan kalmomi sau uku: ƙwai, ƙullu, zoɓo, riɗi, gyaɗa.

Aikin gida

Rubuta jerin kayan haɗi a takarda. Je kanti ki tambayi kuɗin kowanne, ki rubuta a gabansa, ki haɗa jimla. Kawo takardar aji mai zuwa, tare da gwangwani ɗaya da za mu karanta jikinsa tare.