Yadda Ake Raya Matacciyar Gona a Bakin Fadama Domin Tsuntsaye

Tun da aka datse kogin Kano a Tiga a 1974, aka kuma ƙara da madatsar Challawa a 1992, ambaliyar da ke shayar da fadamar Haɗeja da Nguru ta ragu ƙwarai, har gonaki da yawa na bakin ruwa suka koma faƙo, itatuwansu suka ƙare a murhu, gauraka kuwa, wanda a da ba a rasa jin kukansa da asuba, ya yi wuyar gani. Malaman fiƙihu sun keɓe babi guda ga raya matacciyar ƙasa, kuma a nawa ra'ayi aikin raya irin waɗannan gonaki yana cikinsa.

Farkon al'amari shi ne shawara, domin wajibi ne dagaci ya tara manoma da masunta da Fulani makiyaya, a yanka iyakar filin da za a mayar hurumi, a bar wa shanu burtali da mashaya, gama dashen da aka yi bisa hanyar garke, kome yawan kuɗin da ya ci, abincin bisashe ne kawai.

Da rani sai a haƙa ramuka masu siffar rabin wata a kan faƙon, bakinsu na fuskantar tudu domin su tare ruwan sama, a zuba taki. Kafin a nemo iri kuwa, a duba kututturan da ke da sauran rai, a yi musu sassabe irin na mutanen Maraɗi, wato a bar tsiro biyu ko uku masu ƙarfi a datse sauran, saboda saiwar da ta riga ta kai ga laima ta fi dashe saurin girma nesa ba kusa ba. Inda babu kututture, a jiƙa ƙwayar bagaruwa da ta gawo cikin ruwan zafi su kwana, a shuka bayan damina ta kankama: bagaruwa a ƙasa inda ruwa ke kwanciya, gawo da aduwa da magarya a tudu.

Amma itace kaɗai bai wadatar ba, alhali kuwa nan ne akasarin masu dashe ke tsayawa. Gauraka a bisa itace yake kwana, amma a ƙasa yake sheƙa, cikin ciyawa mai ruwa da damina, saboda haka lalle a dasa jema a gaɓa, gamba a bayanta, a kuma hana yanka su sai 'ya'yan gauraka sun tashi. Kachalla, wadda ta toshe magudanai ta zama mafakar jan-baki mai cinye shinkafa, a yanke ta ƙarƙashin ruwa domin ta ruɓe.

Abin da ya rage shi ne tsaro na shekaru: shingen ƙaya, da hana sa wuta, da hana kama 'ya'yan gauraka ana kai su gidajen masu hali. Bayan damina, lokacin da tsuntsayen Turai ke sauka a Dagona da ke cikin wannan fadama, sai a ƙidaya waɗanda suka zo filin, a gwada da na bara, a cike gurbin dashen da ya mutu.