Babi na Shida: Dashen Reshe a Lambun Bahaushe

6.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin noman rani da kayan aikinsa. Wannan babi zai duba wata hanya ta samar da tsiro wadda ba ta bukatar ƙwayar iri, wato yanko reshe ko kara daga jikin uwa a dasa shi ya zama tsiro mai cin gashin kansa. Ana sa ran a ƙarshen darasi ɗalibi zai iya bambanta shuka da dashe, ya kawo tsirran da ake yaɗawa ta wannan hanya, ya bayyana matakan dashe da na kulawa, sannan ya tsara yadda zai koyar da su.

6.1 Ma'anar Dashe

Bahaushe ya bambanta shuka da dashe. Shuka ita ce binne ƙwayar iri a ƙasa, kamar gero da dawa da wake. Dashe kuwa shi ne kafa wani abu mai rai da ya riga ya tsiro. Dashe iri biyu ne. Akwai na ɗan tsiro mai saiwa, kamar yadda ake cire albasa ko tumatir daga wurin reno a kai fangali. Akwai kuma na reshe ko kara wanda ba shi da saiwa ko ɗaya lokacin da aka kafa shi. Na biyun shi ne abin nazari a nan.

Ta fuskar ginin kalma, "dashe" ya samo asali daga aikatau "dasa". Wasalin /e/ da ya biyo baya shi ya mayar da /s/ zuwa /sh/, wato ganɗantawa, kamar yadda ake gani a "fasa" da "fashe". Haka nan ma'anar kalmar ta faɗaɗa, har ana cewa "dashen ƙoda" a asibiti, ko "ya dasa gaba tsakaninsu". Wani abin lura shi ne yadda manomi ya ari sunayen sassan jikin mutum ya ba tsiro. Mahaɗar da ke jikin kara ita ce "gaɓa", ɗan kumburin da toho ke fitowa daga gare shi kuma shi ne "ido". Idan reshe ya yi saiwa ya fara toho, sai a ce dashe ya "kama".

6.2 Tsirran da Ake Dasawa

Ana iya kasa su gida uku dangane da amfaninsu:

(a) Na abinci: rogo da rake da dankali da zogale da shuwaka da na'a-na'a da rumman da inabi.
(b) Na shinge: aguwa da bini-da-zugu da dashi da ararraɓi.
(c) Na inuwa da ado: ceɗiya da durumi da lalle.

Daga cikinsu rogo baƙo ne. Asalinsa daga Kudancin Amurka yake, Turawan Fotugal suka kawo shi gaɓar Afirka a ƙarni na 16. Duk da haka ya zauna da gindinsa, har Nijeriya ta zama kan gaba a duniya wajen noma shi, kuma da karansa ake yaɗa shi daga gona zuwa gona.

6.3 Dalilin da Reshe Ke Yin Saiwa

Masana kimiyyar tsirrai sun gano cewa akwai wani sinadari mai suna oksin da ake samarwa a kan toho da sababbin ganye, yana gangarowa ƙasa ta cikin kara. Idan aka yanke reshe, sinadarin yakan taru a bakin yankan da ke ƙasa, ya sa saiwa ta fito. Wannan ne ya sa reshe ke da kai da gindi, kuma yakan riƙe wannan tsari ko bayan an raba shi da uwa. Wanda ya kafa karan rogo kai a ƙasa zai ga ko dai ya ƙi kamawa, ko ya fito a raunane. Kafin saiwa ta fito, reshe na rayuwa ne da abinci da ruwan da ya taho da su daga jikin uwa. Don haka siririn reshe ko wanda ya bushe ba ya kai labari.

6.4 Matakan Dashe

Mataki na farko shi ne zaɓen uwa. Dashe kwafin uwarsa ne, ba ya barin komai na halinta, mai kyau ko marar kyau. Rogon da ganyensa ya yi dabbare-dabbaren rawaya ya ƙanƙance yana ɗauke da cuta, kuma duk karan da aka yanko daga jikinsa da ita zai tashi.

Mataki na biyu shi ne yanka. A yi shi da safe ko da yamma, da wuƙa ko adda mai kaifi da tsabta, domin dakusasshen ƙarfe yana farfasa kara ya buɗe wa ruɓa ƙofa. Tsawon yanka ya danganta da tsiro:

(i) Rogo: santimita 20 zuwa 30 daga karan da ya ƙosa, mai gaɓa 5 zuwa 7.
(ii) Dankali: santimita 25 zuwa 30 daga kan yaɗo.
(iii) Rake: gunduwa mai ido 2 ko 3.
(iv) Zogale: reshe mai kauri, kimanin mita 1 ko fiye.

Mataki na uku shi ne rage ganye. Ganye ne ke fitar da ruwa daga jikin tsiro, reshen da ba shi da saiwa kuwa ba shi da hanyar mayar da abin da ya rasa. Saboda haka a cire ganyen ƙasa, a bar kaɗan a sama. Tsirrai masu ƙaro fari irin su aguwa ana barin su 'yan kwanaki a inuwa bakin yankan ya bushe kafin a kafa.

Mataki na huɗu shi ne kafawa. Rogo ana soka shi a karkace a kan kunya, a binne kashi biyu cikin uku, ido na kallon sama, a bar tazarar mita 1 tsakanin kara da kara. Da wannan tazara hekta guda takan ci kara 10,000. Rake kwantar da shi ake yi a rami a rufe da ƙasa kaɗan. Ƙananan rassa irin na rumman da lalle sun fi son a fara renonsu a leda mai huji, cikin yashi da aka gauraya da ruɓaɓɓen taki. A kowane hali a danne ƙasa a gindi don kada iska ta shiga ta busar da bakin yanka.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Itatuwan shinge an fi kafa su a ƙarshen bazara, gab da faɗuwar damina. Rogo da dankali kuwa sai ruwa ya zauna, sai fa a fadama ko lambu inda ake ban-ruwa.

6.5 Kula da Dashe

Makonnin farko su ne masu haɗari. Abubuwa huɗu ne suka fi kashe dashe. Na farko ruwa, domin ƙasa ana so ta kasance da laima, amma idan ruwa ya kwanta gindi zai ruɓe. Na biyu rana da iskar hunturu, don haka a yi wa ƙananan rassa rumfar ciyawa ko ta zana har su kama. Na uku gara, wadda ke bin busasshen kara da ɗanyen taki. Na huɗu dabbobi, musamman awaki, waɗanda kan cinye toho cikin yini guda. Maganinsu shinge ne na ƙaya ko na kara.

Ya kamata a san cewa fitowar ganye ba ita ce shaidar kamawa ba, domin reshe kan yi toho da guzurinsa tun bai yi saiwa ba. Kada a riƙa tuge shi don dubawa. Idan toho ya ci gaba da girma makonni bai yanƙwane ba, dashe ya kama.

6.6 Amfani da Nakasu

Dashe ba ya cin kuɗin iri, yana saurin girma, kuma yana ba da irin uwa sak. Rumman mai zaƙi idan aka shuka ƙwayarsa ba lallai ya gaji uwarsa ba, kama da wane ba ta wane, amma reshensa ba ya saɓawa. Nakasunsa kuwa shi ne yaɗa cuta, da wahalar ɗauka da ajiya, da rashin doguwar saiwar tsakiya. Wannan ya sa zogalen dashe bai kai na shuka jure fari da guguwa ba.

6.7 Koyar da Darasin

Yawancin ɗaliban da za su fita daga kwaleji za su sami kansu a makarantun da ba su da katanga ko inuwa, kuma babu kuɗin sayen iri. Malami zai iya roƙon rassan ceɗiya da zogale daga iyayen yara, ya raba aji rukuni-rukuni, kowane rukuni ya dasa nasa. A sa wani rukuni ya kafa karan rogo daidai, wani ya juya shi, yara su rubuta abin da suka gani kowane mako. Ta haka an haɗa kimiyya da insha'i da ƙarin kalmomi a aiki guda. A kuma sa yara su tambayo tsofaffi sunayen tsirrai a karin harshen yankinsu, domin kalmar da aka daina aiki da ita ɓacewa take yi. Sai dai a yi hattara: 'ya'yan bini-da-zugu guba ne, bai dace a dasa shi inda ƙananan yara ke wasa ba, wuƙa kuma a hannun malami za ta zauna.

6.8 Kammalawa

An ga cewa dashen reshe ya dogara ne a kan lafiyayyar uwa, da yanka mai kyau, da kafawa kai a sama, da kulawa a makonnin farko. An kuma ga yadda harshen Hausa ya tanadi kalmomin da suka wadatar wajen koyar da shi.

6.9 Auna Fahimta

1. Bambanta shuka da dashe tare da misalai uku-uku.
2. Me ya sa karan rogon da aka kafa kai a ƙasa ba ya yin kyau?
3. Yi bayanin sauyin sautin da ke tsakanin "dasa" da "dashe", ka kawo wasu misalai biyu.
4. Tsara darasi na minti 35 a kan dashen zogale domin 'yan aji biyar na firamare.