Kafin Ka Yanki Tikitin Jirgin Ƙasan Makka Da Madina

Sana'ata shirya wa mutane tafiya: biza, tikitin jirgin sama, masauki da motar da za ta tarbe su. A 'yan shekarun nan kusan duk wanda ya shigo ofis da niyyar Umara, ko zai kai iyali Saudiyya a lokacin hutun makaranta, sai ya yi maganar jirgin ƙasan nan mai gudu da ke tsakanin Makka da Madina. Wani a bidiyo ya gani, wani maƙwabcinsa ne ya dawo yana ba da labari. Tambayarsu ba ta wuce biyu, nawa ne kuɗinsa kuma awa nawa yake yi. Abin da nake gani yana wahalar da mutanenmu kuwa daban ne: kaya, lokaci, da sunan tasha. Saboda su na ga ya dace in yi wannan rubutu.

Jirgin Haramaini ake kiransa. Sarki Salman ya ƙaddamar da shi a watan Satumba na 2018, ya fara ɗaukar fasinja a watan Oktoba na shekarar. Tsawon layin kusan kilomita 450 ne, gudunsa yana kaiwa kilomita 300 a awa, kuma jiragen ƙirar kamfanin Talgo ne na ƙasar Sifaniya, kowanne da kujeru 417 a aji biyu, na talaka da na manya. Tafiyar da bas ke kwashe awa biyar zuwa shida yana yi, shi a awa biyu da rabi ko ƙasa da haka ya gama. Ba shi ne jirgin ƙasa na farko da ya shiga Madina ba. Tun 1908 layin Hijaz na Daular Usmaniyya ya iso garin daga Dimashƙu, sai dai bai taɓa kaiwa Makka ba, tsohuwar tasharsa da ke Anbariyya kuma yanzu gidan tarihi ce. Wanda ya samu sarari da yamma a Madina ya leƙa, musamman in da yara.

Tashoshinsa biyar ne: Makka, Jidda cikin gari a unguwar Sulaimaniyya, filin jirgin saman Sarki Abdul'aziz, birnin kasuwanci na Sarki Abdullahi kusa da Rabig, sai Madina. A lura, Jidda tasha biyu gare ta, kuma a manhajar sayen tikiti suna kusa da juna. Na sha ganin wanda ya yanki tikiti da kansa daga Sulaimaniyya alhali a filin jirgi zai sauka, sai ya je ƙofar shiga na'ura ta ƙi buɗe masa. Tsakanin tashoshin biyu tafiya ce ta mota a cikin cunkoson Jidda, ga gajiyar sama, ga jakunkuna. Ko tashar filin jirgin ma a jikin sabon ginin saukar fasinja take, wanda ake kira na ɗaya. Akwai ginin arewa, akwai na alhazai, kuma babu wanda za ka taka da ƙafa daga cikinsu zuwa tasha. Don haka tun a gida ka tambayi kamfanin jirgin samanka a wane gini zai sauke ka.

Saurin da ake yabo daga tasha zuwa tasha ne. Kai kuwa tafiyarka daga ƙofar masauki take farawa, a ƙofar wani masaukin take ƙarewa. Tashar Makka tana unguwar Rusaifa, 'yan kilomitoci daga Harami, ta Madina kuma ta fi haka nisa da Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. A kowane ɓangare sai ka hau tasi ko bas. A Makka ana rufe hanyoyin da ke kewaye da Harami idan lokacin salla ya gabato, ranar Juma'a kuwa tun da hantsi ake fara takura motoci, to direba ba zai iso bakin otal ɗinka ba, kai za ka ja akwati ka je inda yake. Idan ka haɗa wannan da jiran lif a manyan otal-otal bayan an idar da salla, da binciken kaya a tasha, awa biyu da rabi ta zama huɗu ko fiye. Har yanzu ya fi bas sauƙi ga jiki, ba na musun haka. Amma wanda ya tsara ranarsa a kan awa biyu da rabi zai yi ta gudu yana haki. Ni nakan ce wa mutanena su kasance a cikin tasha awa guda kafin lokaci, domin ana rufe ƙofar shiga kafin jirgin ya motsa, kuma ba mota ce ta tashar Unguwa Uku ba da za a ce wa direba ya dakata Alhaji yana alwala.

Yanzu kaya, wanda shi ne babbar matsalarmu, mu faɗa wa kanmu gaskiya. Kamfanin jirgin sama yakan ba ka manyan jakunkuna biyu. Jirgin ƙasan nan babbar jaka ɗaya ya yarda da ita ga kowane fasinja, wadda ba ta wuce kilo 25 ba, tana kuma da iyakar girma, sai ƙaramar jakar hannu. Jakar da aka cusa wa darduma, jallabiyoyi, butoci da katan ɗin dabino har zif ya ƙi rufuwa aka ɗaure da igiya, ba ta wannan hanyar ba ce. Na ga hajiyoyi sun zauna a ƙasa a tasha suna kwance kaya suna rarrabawa a jakunkunan 'yan rakiya, agogo yana tafiya. Wasu a ƙarshe suka haƙura da tikitin suka nemi mota, an yi asara biyu ke nan.

Maganin wannan yana cikin yadda ka jera tafiyar tun farko. Ka hau jirgin ƙasa lokacin da jakarka take da sauƙi, ka bar mota ga lokacin da ta yi nauyi. Tsarin da na fi ba wa iyalai shi ne: a sauka Jidda, a hau jirgin ƙasa daga filin jirgi kai tsaye zuwa Madina, tafiyar da ba ta cika awa biyu ba. A yi kwanakin ziyara, a sake hawa zuwa Makka. Tsaraba mai nauyi a bar ta sai a Makka ko a kasuwar Balad ta Jidda, sannan ranar komawa a ɗauki mota daga otal zuwa filin jirgi, tunda tsakanin Makka da Jidda ba nisa. Na san za a ce to dabinon Madina fa, Ajwa a can take. Gaskiya ne. A saya daidai abin da zai shiga jaka, ko a haɗa kuɗi da abokan tafiya a tura kayan a mota su riga ku isa. Ruwan Zamzam kuma ba sai ka yi dakonsa daga gari zuwa gari ba, ana sayar da mai lita biyar a rufe a filin jirgin Jidda.

Wajen sayen tikiti, ka bi tsari. Biza ta fito, tikitin jirgin sama ya tabbata, ranakun masauki sun zauna, sannan jirgin ƙasa. Wanda ya fara da jirgin ƙasa don ya ga kujera da araha, daga baya ranar tashinsa ta canza, zai gane cewa mayar da tikiti ko canza shi yana da sharuɗɗa, kuma gwargwadon kusantowar lokaci gwargwadon abin da za a yanke masa. Ana saye a shafin intanet na jirgin ko a manhajarsa ta waya mai suna HHR Train, ana kuma sayarwa a tasha, amma wanda ya bari sai ya je tasha ya dogara ne da abin da wasu suka rage. Akwai shafuka da yawa na 'yan tsakiya masu kama da na ainihi, suna ɗora nasu kuɗin a kai, wasu ma na damfara ne. Kada ka tura hoton fasfonka da kuɗinka ga wanda ka gani a Facebook ko WhatsApp yana tallar tikiti, sai ejan da ka san ofishinsa. Idan ka duba rana mai nisa ba ka ga jirgi ba, sau da yawa ba ƙarewa kujeru suka yi ba, ba a buɗe jadawalin ranar ba ne tukuna. Ka riƙa leƙawa.

Tikitin da sunanka da lambar fasfonka yake fita, don haka a rubuta su harafi da harafi yadda suke a fasfo. Muhammad, Mohammed da Muhammadu a wurinmu mutum ɗaya ne, a wurin kwamfuta mutum uku ne. Yara ma a shigar da kowanne da fasfonsa, kada a ce ai a cinya zai zauna. Iyali su yanka a tare a lokaci guda don kujerunsu su zo kusa, in ba haka ba sai ka ga tsohuwa a tarago na uku, jikanta mai kula da ita a na goma. Sai biyan kuɗi. Katin naira wani lokaci yana ƙin biya a shafukan ƙasashen waje, wani lokaci banki ya sa masa iyaka. Ka gwada katinka tun kana gida, ko ka tanadi na dala. In tikiti ya fito, ka ɗauki hotonsa a waya ka kuma buga a takarda, saboda ranar da ka sauka layinka na gida ba lallai ya kama intanet ba.

Agogon Saudiyya yana gaba da namu na Najeriya da Nijar da awa biyu, kuma lokacin da ke kan tikiti nasu ne. Idan an rubuta 05:30 asuba ake nufi, na yamma 17:30 ne. Wannan ƙaramin abu ya sa mutane sun je tasha bayan la'asar neman jirgin da ya tafi tun da duku-duku. Tsakanin saukar jirgin sama da tashin jirgin ƙasa kuma ka bar tazara mai faɗi, awa uku ko huɗu. Jirgin sama yana makara, layin jami'an shige da fice yana tsawo idan jirage da yawa suka sauka tare, jaka tana jinkirin fitowa. Gara ka zauna a tasha ka sha shayi. A ɗaya ɓangaren, yawancin otal-otal a Makka da Madina ba sa ba da ɗaki sai wajen la'asar, suna kuma karɓa da azahar. Jirgin sassafe zai kai ka da wuri ka zauna a harabar otal da yara suna kuka. Na tsakar rana ya fi dacewa da masu iyali. Wanda kuma ya samu lokacin shiga Rauda a manhajar Nusuk, kada ya sa shi a ranar barinsa Madina.

Akwai batun da ya fi duk waɗannan nauyi, shi ne harami. Mai barin Madina zuwa Makka da niyyar Umara, miƙatinsa Zul Hulaifa ne, wanda aka fi sani da Abyar Ali. Bas yana tsayawa a masallacin, a yi wanka, a ɗaura harami, a yi niyya a natse. Jirgin ƙasa ba ya tsayawa. Jim kaɗan bayan ya bar tasha yake wuce daidai wurin, da gudun da ba zai ba ka damar shiga banɗaki ka canza tufa ba. Saboda haka ka yi wankanka ka ɗaura haraminka tun a masauki. Wasu suna hawa mota su je Abyar Ali su yi niyya sannan su dawo tasha, wasu suna yin niyya a cikin jirgin kafin ya wuce miƙati. Ni ba malami ba ne, ejan ne, wannan hukunci ka tambayi malaminka tun kafin ka bar gida, ka tsara lokacinka a kan amsar da ya ba ka. Abin da ya shafe ni shi ne in ka zaɓi zuwa Abyar Ali, ka ƙara aƙalla awa guda a lissafinka. Kuma kada ka jingina ibadarka a kan sanarwar lasifika, wadda barci ko surutun yara zai iya hana ka ji.

A watan azumi, musamman goman ƙarshe, da ranakun bayan Salla lokacin da kowa ke son barin Makka, kujeru suna ƙarewa da wuri ko da an ƙara yawan jirage. Haka ma ƙarshen mako a can, Juma'a da Asabar, saboda 'yan ƙasa suna zirga-zirga. A waɗannan lokuta ranar da aka buɗe jadawali ita ce ranar saye.

Ba kowa nake ba wa shawarar ya hau ba. Ayarin mutum talatin da jakunkuna sittin bas ya fi musu, ya ɗauke su a ƙofar otal ya ajiye su a ƙofar wani, ya tsaya musu a miƙati. Mutum biyar ko shida 'yan gida ɗaya su kwatanta jimillar kuɗin tikiti da tasi biyu da kuɗin ɗaukar mota guda, wani lokaci motar ce ke da sauƙi. Amma mai ciwon baya ko ƙafa, mai juna biyu, tsofaffi masu yawan buƙatar banɗaki, da wanda kwanakinsa kaɗan ne, jirgin ƙasa rahama ne a gare su. Mai keken marasa lafiya ya bayyana haka tun wajen yankar tikiti. A kuma bambanta wannan da jirgin Masha'ir da ke tsakanin Mina, Muzdalifa da Arfa, wanda ya fara aiki a 2010 kuma a kwanakin Hajji kaɗai yake tafiya. Layin Haramaini kuma bai haɗu da Riyad ba, mai son zuwa can daga Jidda ko Madina sai jirgin sama ko mota.

Ƙa'idojin kaya, farashi da jadawali suna canzawa, don haka ka sake duba su a shafin jirgin a makon da za ka tashi. Wanda kuma ejan ne ya haɗa masa tafiya, ya nemi a nuna masa tikitin kansa tun yana gida, ya karanta sunan tasha, rana, lokaci da lambar fasfo da idonsa. In za ku tura iyaye su kaɗai, ku zauna da su ku rubuta musu waɗannan abubuwa huɗu a takarda da manyan baƙaƙe, ku sa a jakar fasfo. Allah ya kai ku lafiya, ya karɓi ibada.